Saƙon Muryar da Abdulmajid Bai Ji Ba

A Dogondutsi, in ka ce Abdulmajid mai montaj, ba a rasa wanda zai nuna maka shagonsa: ɗan ɗaki ne a bayan tasha, tsakanin wani tela da mai cajin talho, wato wayar hannu. Montaj ita ce sana'ar yanka hoton bidiyo a jera shi a kan kiɗa. Asalinsa mutumin Kore Mairuwa ne, ɗan wani mai awon hatsi. Bai ƙare kolej ba ya bar karatu, ya koyi ɗaukar hoton biki da na kokowa, daga baya ya gane cewa hannunsa ya fi faɗawa a wajen haɗawa.

Yadda yake aikinsa ya sha bamban da na sauran. Su sukan jera hotuna tukuna, sannan su yafa musu waƙa. Shi da kiɗan yake farawa. Zai sa abin sauraro a kunne, ya rufe ido, ya ji waƙar sau biyar ko shida, yatsansa yana danna maɓalli duk inda ganga ta faɗi, har layin waƙar ya cika da alamomi a fuskar ordinater, wato kwamfuta. Sai bayan nan ya buɗe hotunan ya ware su, ya ajiye kowanne a kan bugun da ya dace da shi. A bidiyon kokowarsa, lokacin da bayan ɗan kokowa ya taɓa ƙasa, daidai nan babbar ganga take saukowa.

Jibrilla, abokinsa tun na ƙuruciya, yana aiki a Faransa, a wani ƙauye na kan duwatsu, cikin shagon da ake ba da hayar kayan siki, wato wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Shi ya nuna wa wata mata mai koyar da siki bidiyon kokowar da Abdulmajid ya haɗa, ita kuma ta ce tana so ya riƙa haɗa mata nata. Abdulmajid bai iya kiran sunanta daidai ba, sai ya tsaya a kan Madam. Duk lokacin sanyinsu takan turo masa hotunan ɗalibanta da waƙar da take so, ta kuma yi masa bayani da saƙon murya, don ba ta son rubutu.

Bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma ya koyi aikin. Ya ware tsalle gefe, lanƙwasa gefe, faɗuwa da dariya gefe. Ya gane cewa lanƙwasa tana bin kiɗa mai ja, tsalle kuma yana son a yi shiru kaɗan kafin mutum ya dira. Ga gumi yana zubar masa a shago, ga farin dutse a gabansa. In rezon intanet ya yi nauyi, hoto ɗaya sai ya cinye masa wuni kafin ya sauko. Shekara uku suka yi a haka.

Matarsa Ummulkhairi malama ce a makarantar Faransanci da Larabci. Gidansu masu tsananta riƙon sunna ne, ba sa sauraron kiɗa. Tun kafin aure suka yi magana ta ƙare: aikinsa yana shago, kiɗa ba ya shiga gida, ita kuma ba za ta yi masa gori a kai ba. Dukansu sun riƙe wannan alkawari.

A bazarar shekara ta huɗu sanƙarau ya kama shi. Kwana goma sha biyu ya yi a likita, wato asibiti. Da ya farfaɗo, ya ga bakin Ummulkhairi yana motsi a kansa, amma ba ya jin komai. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma wani guguni kawai yake kawo masa, kamar injin niƙa daga nesa. A gida ta samo allon makaranta da alli, da su suke magana. Mutanen gari sun sani. Amma ya hana a gaya wa Jibrilla, don yana tsoron maganar ta kai ga Madam.

Da sanyi ya shigo, hotuna suka fara zuwa. Abdulmajid ya koma kan layin waƙa, wanda ordinater ke zanawa kamar haƙoran zarto. Inda zanen ya yi tsini, nan ne bugu, sai ya sa alama da ido. Bidiyo biyu suka wuce lafiya. Saƙonnin murya kuwa ya daina buɗe su, yana mayar da amsa a rubuce cewa ya gane. Ya ɗauka ya san abin da take faɗa: a yi sauri, a ƙara haske.

Na ukun ya zo da hotunan mutum ɗaya, wani saurayi mai jar riga, wasu hotunan ma tsofaffi ne. Zanen waƙar a kwance yake, ba tsini ko ɗaya, saƙon muryar kuma ya kai minti huɗu. Abdulmajid ya daɗe yana kallon alamar saƙon. Ya yi tunanin kai wa Ummulkhairi, sai ya ga kamar ya shigo mata da aikin shago cikin gida ke nan. Ya zaci tallar gwanin ɗalibi ake so. Ya zaɓo manyan tsalle-tsallen saurayin ya jera su da sauri, ya rufe da wurin da ya kife cikin ƙanƙara ƙafafu sama, ya maimaita faɗuwar sau uku don a yi dariya. Ya tura.

Washegari da azahar amsa ta zo, karo na farko a rubuce. Layi biyu ne. Ta tambaye shi ko ya saurari abin da ta gaya masa, in kuwa ya saurara, me ta yi masa.

Ya rufe shago ya tafi gida. Ya tarar da Ummulkhairi ta dawo daga makaranta tana tankaɗe. Ya miƙa mata talhon, ya nuna mata saƙon. Ta goge hannu ta kara a kunne. Yana kallon fuskarta har minti huɗun suka cika, ya ga ta ajiye rariya, ya ga idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki allo ta rubuta masa cewa mai jar rigar ƙanen Madam ne, ƙanƙara ce ta zabtaro daga dutse ta rufe shi bara. Za su taru don tunawa da shi ranar Asabar, uwarsu za ta kalla. Madam ta roƙa a yi shi a hankali, a bar fuskarsa ta daɗe, kuma kada a sa inda ya faɗi ko ɗaya.

Abdulmajid ya zauna a kan turmi. Da ya samu bakin magana, da muryarsa da ta koma mai ƙarfi tun da ya daina jin kansa, ya ce, "Ummu, ki ji mini waƙar. Sau ɗaya. Ki nuna mini inda ta hau da inda ta sauka."

Ta ɗauki allin. Abin da ta rubuta shi ne: "Malam, muryar matar zan ji maka kullum in kana so. Waƙar ba zan iya ba. Ka yafe mini."

Bai yi mata musu ba, amma abin ya zauna masa a rai, ita ma ta ga haka. Ya koma shago ya rubuta wa Madam gaskiya duka, tun daga kwanciyarsa a likita. Sannan ya ƙure ƙarar sifika, ya ɗora tafin hannunsa a kanta. Ba bugu ya ji ba, wani kaɗawa ne da ke ƙaruwa ya ragu. Tela ya leƙo ya yi masa nuni da ya rage, ya ba shi haƙuri da hannu. Kwana biyu ya yi a kai. Ya daina neman wurin yanka. Ya bar saurayin yana saukowa daga dutse shi kaɗai har ya ƙanƙance, ya bar inda ya cire tabarau yana kallon mai ɗaukar hoton.

Madam ta amsa cewa ta yi baƙin cikin ciwonsa, kuma sun nuna bidiyon. Ta ce wasu wurare ba su hau kan waƙar ba, amma uwarsu ba ta lura ba. Ta ƙara da cewa da ya gaya mata tun farko. Sauran lokacin sanyin ta turo masa aiki biyu masu kiɗa mai ƙarfi, da bayani a rubuce. Da shekara ta zagayo ba ta turo komai ba. Jibrilla ya ce ta samu wani mai montaj a kusa da ita, shi kuma Jibrillan ya yi fushi da aka ɓoye masa ciwon.

Masu biki ma sun ragu, don mai biki yana so a yi ta gardama da shi a kan waƙa. Luƙman, wan Ummulkhairi, shi ya kawo masa aikin yanka bidiyon wa'azi. Ita take saurare ta rubuta masa minti kaza zuwa minti kaza, shi ya yanka. Ranar da Luƙman ya kawo na farko, ya rubuta masa a allo cewa wataƙila Allah ne ya raba shi da kiɗa ta wannan hanya. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Abdulmajid ya karanta, ya goge da hannun riga, ranar kuma bai ci abincin rana ba.

Yanzu yana nan a shagon bayan tasha. Wani likita a Yamai ya ce akwai na'urar da za a gwada a kunnen dama, amma bai yi masa alkawari ba. Ummulkhairi tana so su tafi in an yi hutun makaranta. Shi har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba.