Shafi Bakwai da Ban Karanta Mata Ba

Mun bar Dogon Dutsi ana fitowa daga sallar asuba, mu uku a kan dawaki, da raƙumi ɗaya ɗauke da akwatunan magani. Aikin hujin shanu, wato allurar rigakafi, ne ya fitar da mu, za mu bi kwarin dallol mu gangara kudu har Tibiri. Ni ne mai allura, sai abokin aikina mai riƙe da takardu, sai gardi, dogarin gwamnati da kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya haɗa mu da shi, wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Jamus da ɗingishi da ƙarancin magana.

A ƙasan akwatin auduga na ɓoye littattafai biyu na Hausar boko da wani mai fataucin goro ya kawo mini daga ƙasar Ingilishi, nan ƙetaren iyakarmu. Nasaranmu ba sa son ganin takardar wancan gefe, amma ban taɓa ganin wanda ya sa hannu cikin audugar likitan dabbobi ba. Ɗaya littafin siriri ne, gajerun labarai, kowane shafi biyu ko uku. Ɗayan mai kauri ne, labari guda daga bango zuwa bango, na wani saurayi mai haƙar rijiya da ya bi ayari zuwa Kurmi, ya ce wa uwarsa zai dawo kafin a yanke gero.

Kaka ce, an gama yankan hatsi, dammuna jere a gonaki suna jiran a kai su rumbu. Hanyar kuwa rairayi ne zalla, doki na taku uku yana zamewa ɗaya. A Kieshe muka sha fura da nono, ƙwarya cike a tamma ɗaya, wadda a Dutsi sai ka ba da biyu kuma a tsinka maka ita da ruwa. Abokin aikina ya sha har gardi ya tura shi kafin ya iya hawa doki.

Zangonmu na fari wata ruga ce a bakin rijiya. Muna huji daga hantsi zuwa azahar, bayan la'asar kuma ba abin yi, sai na fito da siririn littafin. Makiyaya suka zagaye ni, suka yi ta dariya, wani ma ya sa na maimaita labari ɗaya sau uku don ya haddace ya kai wa 'yan'uwansa. Da na gwada mai kaurin, ban cinye shafi huɗu ba kowa ya tuna yana da maraƙin da bai ɗaure ba. Ardonsu ya ba ni haƙuri, ya ce su jibi za su tashi, labarin da ba zai shiga gora a rataya ba nauyi ne a gare su. Abokin aikina ya ji haushi. Shi a ganinsa gajeren labari tatsuniyar yara ce, mai hankali dogo yake so, wanda zai zauna da mutanen ciki har ya san halinsu. Muka tambayi gardi ya raba gardama. Ya ce gajere, bai ƙara komai ba.

A Kore Mairuwa muka kwana huɗu saboda yawan shanu. Gari ne mai ruwa kusa, ga goriba ga giginya, rake kuma kamar a ba ka kyauta. Mai gari ya sauke mu a zaurensa, ana kawo mana tuwon gero da miyar kuka, da rana kuma kwaɗon zogale. A nan na fara ganin wata tsohuwa. Daddawa take sayarwa, takan aje faifanta a gefen zaure ta zauna nesa da maza. Ranar da na karanta gajerun labarai kowa ya yi dariya ban da ita. Kashegari abokin aikina ya matsa sai na ɗauko mai kaurin. Mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta matso.

Tambayoyinta ba irin na sauran ba ne. Da saurayin ya isa Kurmi, ta tambaye ni wa ke dafa masa abinci a can. Da ya kwanta zazzaɓi a wata bukka cikin gonar goro, ta ce in koma baya in duba ko an ce wani ya ba shi ruwa. Na duba, ba a faɗa ba. Ta ce ai ba a rasa mai tausayi ko'ina.

Mai gari ne ya gaya mana labarinta. Ɗanta ɗaya ne namiji, aka ɗauke shi soja shekara shida da suka wuce. Takarda ɗaya ta zo daga bakin teku, daga nan shiru. Wasu sun ce an kai su yaƙin Indoshin, can gabas mai nisa. Ta je buro, ofishin kumandan a Dutsi, sau uku da ƙafa, kullum a ce mata ta koma gida, labari na nan tafe.

Ni kuwa na karanta littafin nan sau biyu, na san ƙarshensa. Saurayin yakan dawo bayan shekara tara, ya tarar an binne uwarsa a daminar da ta wuce. Saboda haka da kwanakinmu suka cika muna tsakiyar labari, wallahi daɗi na ji. Na yi mata sallama, na ce ba ta nan za mu komo ba, wanda kuwa gaskiya ne.

Mun shiga Tibiri ranar kasuwa. Ga gishirin Foga a cikin ƙunshin kaba, ga tabarmi, ga albasa, ga atamfar da ta ƙetaro iyaka ba tare da ta gaisa da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito ba. Rabin masu ciniki da sule suke kiran kuɗi, rabi da dala, kowa kuma yana rantsuwa shi aka cuta. Na tsaya sayen tsire, sai na ji an ce, "Likita." Na juya, ga tsohuwar nan da faifanta a ka, ƙafafunta fari fat da rairayi. Ta biyo matan garinsu masu zuwa kasuwa, tafiyar da ko mu a kan doki sai da ta gajiyar da mu. Ta ce tana da ɗiyar ƙanwa a garin, a can za ta sauka, ta zo jin saura ne.

Kwana uku muna zama ƙarƙashin wata tsamiya a bayan masaukinmu, daga la'asar zuwa kiran magariba. Saurayin ya warke, ya yi aikin dako a bakin jirgi, aka sace masa guzuri, ya sake tarawa. Duk inda ya yi wauta sai ta yi masa faɗa kamar yana jinta. Ni kuwa kullum ina duban abin da ya rage na littafin yana ƙara sirancewa a hannuna na hagu. Na shawarci abokan tafiyata. Abokin aikina ya ce in sauya ƙarshen, in ce ya tarar da ita tana daka, wa zai sani? Gardi ya ce kada in yi. Ya ce masu riga da takarda sun yi wa matar nan ƙarya ta ishe ta, kada in zama na huɗu.

Rana ta uku saurayin ya ƙetare Kwara, ya yi ta tafiya har ya sauka a wani ƙauye, saura yini ɗaya ya isa garinsu. Shafi bakwai suka rage. Na lashi yatsa zan juya, har lokacin ban san abin da zan yi ba, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, ɗana."

Na ce, "Inna, saura kaɗan."

"Na sani. Tun jiya muryarka ta sake, kana karatu kamar mai taka ƙaya. Ban tambaye ka abin da ke gaba ba, kai ma kada ka gaya mini. Yaron nan, lahiya tai lau inda shike?"

Na ce lafiyarsa lau, ya ci tuwo, an ba shi tabarma.

"To bar shi nan. Shina bisa hanya, gida ya nuho. Wannan ya ishe ni."

Na rufe littafin. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni daddawa curi uku, ta sa mini albarka, ta ce Allah ya kai ni ga tawa uwar lafiya. Da safe gardi ya ɗora ta a kan dokinsa, shi yana jan linzami da ɗingishinsa, ya kai ta har gida. Sai bayan kwana biyu ya cim mana a wata ruga ta gabas, wajen iyaka.

A hanyar komowa ne ya faɗi dalilinsa na zaɓen gajeren labari, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce a can wurin yaƙi suna da wani Bazabarme gwanin labari, ya fara musu wani dogo, kullum yana yankewa ya ce sai gobe. Wata goben ta zo babu shi. "Tun ran nan," in ji shi, "ban son labarin da ba a gama shi zama ɗaya."

Rana ta goma sha tara muka hango dutsen garin, ja da faɗi, muka shiga Dutsi ana kiran la'asar. Na mai da akwatuna, na wanke allurai, na koma ɗakina na zauna.

Da can ina ɗauka son gajere ko dogon labari sha'awa ce kawai, kamar mai son yaji da wanda ba ya so. Tafiyar nan ta nuna mini kowa da abin da ya kawo shi bakin tabarma. Mai tashi gobe yana son abin da zai ɗauka ya tafi. Mai jira kuma yana son wanda za su yi jiran tare. Ni da na karanta shafi bakwai ɗin nan sau biyu, sai yanzu suka kama ni. Shekarata huɗu rabona da Madawa, inda tsohuwata take. Kullum saƙo nake ba direban motar wasiƙa, in ce a gaya mata ina nan zuwa bayan kaka. Kashegari da sassafe na rubuta takardar neman hutu na kai buro da hannuna. Akawu ya ce kumandan ya fita rangadi, sai ya dawo. Yau kwana shida ke nan, kayana a ɗaure suke a bakin ƙofa.