Akawun da ke buga wa Baba kati

Shekara tara na yi ina aikin kula da tsofaffi a wata ƙungiya a Bompai kafin abin ya shigo gidanmu. Gida-gida nake bi wurin tsofaffin ma'aikatan kamfanoni, in duba ko sun sha magani, in koya wa 'ya'yansu yadda ake zama da mai gigin tsufa. Bakina har ya saba: kada ku yi musu da shi, kada ku ce masa ya manta, duk inda hankalinsa ya tsaya ku je can ku same shi. Da murmushi nake faɗa, tunda ba ubana ba ne.

Baba ya yi shekara talatin a wata masaƙa a Sharada, an rufe ta tun ina sakandare. Bayan rasuwar Inna sai ya fara neman kakinsa na aiki da an idar da sallar asuba, wai zai makara, za a rufe get. Ƙannena su ce, "Baba, ai kamfanin ya mutu tuntuni." Kullum sabon labari ne a kunnensa. Ya zauna ya yi ta kuka, yana tambaya da me zai ciyar da mu. Ranar da suka kulle ƙofa, katanga ya haura, wani mai adaidaita sahu ne ya tsinto shi a bakin titi.

"Ke ce gwanar tsofaffi," in ji Yayana, ya sakar mini. Kowa ya kama gabansa. Na tattaro kayana na dawo gidan, daga ni sai shi.

Abin da na iya shi na yi. Na sa tebur a soro, na yanko kwali na yi kati irin wanda suke bugawa a bakin get, na samo tsohon hatimi. Da safe in yafa mayafi in zauna kamar akawun kamfani, ya fito cikin kakinsa ya miƙo kati, in buga.

"Malam, yau a wannan sashen aka sa ku. Ga zare nan ya harɗe."

Sai ya ɗauki kwando ya zauna yana warwarewa yana naɗewa har azahar, maƙwabciyarmu tana sa masa ido in na fita. Da yamma in faki idonsa in sake hargitsa zaren. Kuka ya tsaya, gudu ya tsaya, abinci ya fara shiga. A wurin aiki har yabona aka yi, aka ce in koya wa sababbi.

Abin da ban gaya musu ba shi ne tun daga lokacin bai ƙara kiran sunana ba. Ko koko na kai masa, miƙewa yake ya ce, "Ranki ya daɗe, da kanki?" Ina gida ɗaya da ubana ina kewarsa, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi, da hannuna na kafa teburin nan.

Wata safiya ya miƙo kati bai saki ba.

"Ranki ya daɗe, alfarma nake nema. A bar ni in tashi da wuri yau."

"Lafiya dai, Malam?"

"'Yata ce. An ce tana nan Bompai tana duba tsofaffi. Ta kwana biyu ba ta leƙo ni ba. Ba fushi nake ba, na san aiki ne. So nake in je in gan ta, ko daga nesa."

Maganar ta zo mini har baki, in ce masa ni ce 'yar tasa. Amma na taɓa gwadawa sau ɗaya, ya firgita, ya kalle ni kamar mai son cutarsa, ya yini bai ci komai ba. Na haɗiye, na buga katin.

"Ku zauna, Malam. Zan aika a gaya mata."

Ya washe baki. "Allah ya yi miki albarka. Ke ma in kina da uba, ki riƙa leƙa shi."

Na ce to. Ya ɗauki kwandonsa ya koma wurin zamansa.