Garmahon da Inna ta shafa wa man shanu

Bayan rasuwar Baba, Inna ba ta nemi komai cikin kayansa ba sai garmahonsa, irin mai batir ɗin nan. Akwai faifai guda da wani mawaƙin noma ya ambaci sunan Baba a ciki, can wajen ƙarshe, tun zamanin da yake zuwa gayya Maruda. Da ciwo ya kwantar da ita bara, sai ta ce tana son ta ji wurin nan kafin ta tafi. Ni kuwa na tsani irin wannan magana, har faɗa na yi mata. Amma washegari na naɗe garmahon a bargo, na bar Gwandu na nufi Kalgo, inda aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo.

Yana kwance murfin, wari ya bugo mu. Ashe duk shekara Inna takan ɗiga masa man shanu ta ramukan lasifika don kada ya yi tsatsa, yadda take shafa wa akushinta. Man ya daskare a kan wayoyi, kiyashi sun yi gida. Dattijon ya tambaye ni wane mara hankali ne ya yi wannan aika-aika. Na ce ya yi aikinsa, ba tambaya ta kawo ni ba.

Ya wanke cikin da fetur, ya ciro kayan gyara daga wata matacciyar rediyo ya liƙa da dalma. Sai dai wani ɗan baƙin ƙarfe mai ɗaga murya ya riga ya ji jiki, kuma babu irinsa ko a Birnin Kebbi. Ya ce garmahon zai yi magana, amma da ƙarfen ya ɗau zafi zai ƙone, don haka in ɗora allura daidai wurin sunan kawai.

Da na koma gida, na yi wa Inna wannan bayani har sau biyu, ta ƙi.

"Shi daga farko yake sa shi," in ji ta, tana nufin Baba.

Wallahi kamar in yi kuka don haushi. Na ɗora allurar a bakin faifai, ganga ta tashi. Hannuna na kan akwatin, ina jin ɗuminsa yana ƙaruwa. Mawaƙin nan kuwa bai da gaggawa, sai da ya bi manoman garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ni ina ta salati a zuci. Ƙauri ya fara tashi, muryar ta shaƙe. Saura baiti guda a kai ga sunan, ta ɗauke ɗif.

Faifan ya ci gaba da juyawa, ba sauti. Na kasa ɗaga kai. Sai na ji yatsan Inna yana buga gefen gado, yana riƙe da kiɗan. Da ta ƙiyasta an iso wurin, ta buɗe baki ta faɗi sunan Baba cikakke, har da na mahaifinsa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.