Farin Layin da Kaka Ta Taka

Ranar Litinin ce bayan ƙaramar sallah, a shekarar da na isa ɗaukar tallan koko, lallen sallah bai ma gama fita daga hannuna ba. Mun fito da sassafe ni da kakata, Kaka Hasiya, za mu tsallaka babban titin da ke ƙasan unguwarmu ta Nima mu kai wa magina koko da ƙosai, sai muka tarar an yi wa kwaltar zane. Farin layi ya bi tsakiyar titin har inda ido ya ƙare, daura da famfon unguwa kuma an shimfiɗa wasu fararen ratsi masu faɗi daga wannan baki zuwa wancan. Kaka ta ja ta tsaya, ta damƙi wuyan rigata har kokon ya fantsamo mini a goshi. Ta daɗe tana kallon ƙasa, bakinta na motsi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kada wanda ya taka, kada wanda ya tsallake."

A wurin Kaka, duk abin da aka zana a kan hanyar mutane sammu ne. Tana yawan ba mu labarin wata maƙwabciyarsu can arewa wadda ta tsallake zane a ƙofar gida, ƙafarta ta kumbura kamar turmi, ba ta ƙara takawa ba. Ga shi a nan birnin Ankara na bakin teku ta sha ganin masu tsafi suna shafa farar ƙasa a jiki da gindin itace. To, wa zai gaya mata fenti ne kawai? Mu kuwa yara muka ƙara wa labarin gishiri. A tsakar gidanmu na haya, inda ɗakuna suka kewaye murhu da igiyar shanya, muna wasan tsalle da tafi da ake kira ampe, muna rantsuwa cewa jinin yara layin ke sha. Ni dai tsoron ya shige ni sosai, ko wasa muke yi na ga zanen toka a ƙasa sai na kewaye.

Amma kokon dole ya tsallaka, don da shi ake cin abinci a ɗakinmu. Kaka ta bi bakin titin tana dubawa, ta wuce ratsin, ta wuce kwanar da layin yake a haɗe, har ta kai wani miƙaƙƙen wuri inda layin ya yanke gutsi-gutsi, fari, baƙi, fari, baƙi. Ta yi hamdala, ta ce Allah ya bar wa bayinsa ƙofa. Daga ranar nan ta nan muke bi, mu auna tsakanin fari da fari mu kutsa. Wurin kuwa motoci gudu suke kamar ana korarsu. Kullum sai na ji iskar tirela ta ɗaga mini zani, ƙanena Sule yana riƙe da gefen zanin da kwanon ƙosai a kansa. Shekarunsa ba su kai na shiga makaranta ba, kuma shi ne ɗan lelen Kaka, "maigidana" take ce masa.

Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, direban babbar mota ne mai kawo albasa daga arewa. Da ya dawo daga tafiya ya ga inda muke tsallakawa, sai da ya dafe kai. Ya durƙusa gaban Kaka a tsakar gida, ya ɗauki gawayi yana zane a kan siminti. Ya ce layin nan magana ce da direbobi. Inda yake a haɗe, ba a yarda mota ta fita hannunta ta wuce wata ba, inda ya yanke kuma an ce wa direba in hanya ta yi kyau ya taka ya wuce. Ratsin gaban famfo su ne na masu ƙafa, a nan ake so direba ya sassauta ya ba mutum hanya. "Inna, ƙofar da kika samo, ta motoci ce," in ji shi. Kaka ta ce ya san taya da sitiyari, amma bai san abin da ake binnewa a ƙarƙashin hanya ba, ta kuma sa ni na kawo ruwa na wanke zanen gawayin. Na kwana da tsoro biyu, na layi da na mota, ban san wanda zan bi ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya da aka kwana ana ruwa, muka fito mu uku. Ni da Kaka mun kai wancan baki, sai muka juya babu Sule. Murfin kwanonsa ne ya faɗi, ya tsaya ɗauka, yana tsakiyar titi daidai cikin baƙin da ke tsakanin fari biyu. Motar katako na tahowa a hankali tana nishi, sai ga wata motar fasinja ta ɓullo daga bayanta za ta wuce, ta hau tsakiyar titin tana hon. Sule ya ga motar sarai. Da ya yi tsalle gefe da ya tsira, amma gefen nan farin fenti ne, sai ya dubi ƙasa ya ƙame, kwanon na kansa. Ban ga lokacin da Kaka ta yar da tukunyar koko ba. Na dai ga tsohuwar nan da ko sauri ba ta yi tana gudu ba takalmi, na ga tafin ƙafarta ya sauka a kan farin layin, ta sure shi suka zube bakin kwata. Motar ta wuce ta kan kwanon, ƙosai ya watse a kwalta.

Sule ko ƙwarzane bai yi ba. Mutanen gida suka yi ta barka. Kaka kuwa ta shiga ɗaki ta miƙe ƙafar dama a kan tabarma, tana shafa mata man kaɗanya tana jiran kumburi. Ni nake kwana kusa da ita, kuma kullum da asuba ina ganinta tana danna idon sawun da yatsa. Ta kira mahaifiyata ta koya mata yadda take jiƙa geron koko, don kada sana'ar ta tsaya in ta kwanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zargi kowa ba. Ta riga ta sa a ranta cewa ta ba da ƙafar a madadin yaron, ni kuma ganin hakan ya fi motar ba ni tsoro.

Ƙafar ba ta kumbura ba, amma Kaka ba ta taɓa cewa Kawu ya yi gaskiya ba. Ranar da ta koma talla, kai tsaye gaban famfo ta nufa da mu, ta tsaya a bakin ratsin ta gyara gammo. "Ni na riga na taka, abin ni ya sani," in ji ta. "Ku sa ƙafa inda na sa." Haka muka riƙa binta a baya, tana gaba tana karanta addu'a, har ta bar fita.

Yanzu titin ya ninka faɗinsa, fentin yakan goge a daɗe ba a sabunta ba, 'yan trotro, wato direbobin motocin fasinja, kuma ba su cika duban ratsin ba. Jikokina sun san ma'anar kowane layi tun daga makaranta, suna dariya in na ba su labarin nan. Sule ya yi furfura, shi ma yakan taya su. Ni ba na dariya, don na ga fuskarta a kan tabarmar nan. Har ta rasu tana tsoron layin, kuma da tsoron ta taka shi.