Katin Allurar Da Ban Yi Ba

Assalamu alaikum jama'ar unguwar New Bell. Ni ne Alhaji Sale mai tayoyi. Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba. Ban iya rubutu ba, 'yata Hadiza ke riƙe da wayar, kuma na ce kar ta gyara mini magana.

Shekara tara nake jiran amsa. Da idon matata Ladi ya yi rawaya, mutum biyu suka zo asibiti da akwatin ƙanƙara, suka ɗebi jininta, suka ce za a kai Yawunde. Kwana uku ta rasu. Har yau ba wanda ya dawo ya ce mini ga abin da aka gani.

Mu mun tashi ana cewa ciwon shawara ba ya son allura. Sai na riƙe cewa allurarsu ce ta ƙarasa ta, na rantse ba mai soka mini ƙarfe.

Ga abin kunyar. Bara da zan je biki Najeriya aka ce sai da katin rigakafin shawara. Na sayi nawa a tasha, sefa dubu biyar, da hatimi da komai. Har a majalisa na nuna shi ina dariyar masu bin layi.

Da daminar bana zazzaɓi ya kama ni, da ciwon baya. Bayan kwana uku ya sake ni, na koma shago. Sai ya dawo da amai, fitsari kamar shayi ba madara, ido kamar gwaiduwa. Na yi ta shan jiƙo a ɓoye. Ranar da Hadiza ta ga jini a dasashina ba ta nemi izinina ba, tasi ta kira.

A asibiti sai ƙarin ruwa, gwajin hanta, gwajin ƙoda. Kuɗin magani kullum sai an sayar da taya biyu. Likita ya ce wa Hadiza, "Hantarsa ta gaji, ku yi addu'a." Na ji. Na tsorata.

Sai ga Madam Jenabu, 'yar Garwa. Aikinta bin duk wanda ya zo da zazzaɓi da rawayar ido. Ina ka je, wa ke gidanka, an yi maka rigakafi? Na sa Hadiza ta miƙa mata katin.

"Baba, a wane hannu aka yi maka?"

Na nuna hagu. Ƙarya, da furfurata.

Da ta nemi a ɗebi jinina, na ce ba zai je Yawunde ba. Ta rufe littafinta ta ce, "Baba, in katin nan gaskiya ne, wata cutar za mu nema. In ba gaskiya ba ne, sauron da ya cije ka yana gidanka, yana cizon jikokinka."

Na juya fuska bango. Kwana biyu ina kan bakana.

A na uku Hadiza ta shigo idonta ja. Ƙaramar 'yarta Ummi, mai sunan Ladi, jikinta ya yi zafi. Na ce a kira mini Madam. A gaban 'yata na ce katin saye na yi.

Hadiza ta ce, "Baba, da hannuna fa ka sa na miƙa shi." Gara ta zage ni.

Na ba da hannu aka ɗebi jinin. Na Ummi zazzaɓin cizon sauro ne na kullum, ta warke, alhamdulillahi. Nawa shawara ce, irin wadda sauro ke kawowa.

Ina kwance ma'aikatan lafiya suka zo unguwa. A gaban maƙwabta aka kifar da tayoyina ɗaya bayan ɗaya, kowace da ruwan sama da 'ya'yan sauro suna iyo. Aka yi rigakafi a ƙofar masallaci. Waɗanda na yi wa dariya su suka zo dubiyata da kunu.

Yanzu ina takawa har masallaci. Na gode wa Allah, da Hadiza, da likitocin da suka haƙura da bakina. Duk mai katin tasha ya yaga shi, ya je a yi masa allurar gaske. Ido ya yi rawaya, asibiti, ba jiƙo ba. Ku kife tayoyi, ku rufe randa. In masu littafi irin su Madam sun zo, ku faɗa musu gaskiya.

Amma ban gama ba. Madam Jenabu da ƙafarta ta kawo mini takardar sakamakona har gado. Ashe ana kawowa.

To ta Ladi tana ina? Da an ce mini shawarar sauro ce, da ban sayi kati ba, da ban bar jikarta a bakin sauro kwana biyu ba. Laifina na faɗe shi a gaban duniya. Wanda ya ɗebi jinin matata, ko wanda ya gaji kujerarsa, ya zo ya faɗi nasa. Shagona na nan bayan masallaci, kowa ya san shi. Ku gaya mini me ya kashe ta.