Kunnen Lurwanu

A unguwar Jarwal ta Makka, a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, in ka ce Lurwanu ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Mai Kunne har akuya ta san ƙofar gidansa. Masassaƙi ne, mutumin Gaya. Turmi da taɓarya ya gada. Shi da matarsa Shatu suka taso a ƙafa, suka yi shekara shida a hanya, har da tsintar auduga a Sudan, kafin su ga Ka'aba. Da suka gan ta kuwa, zancen komawa ya mutu.

A Makka babu icen turmi, sai katakon da jirgin ruwa ke saukewa a Jidda. Sai ya koma yin shibriyya, gadon nan mai dogayen sanduna biyu da ƙarti huɗu ke ɗauka su yi wa tsofaffi da marasa lafiya ɗawafi. Ya fi son wani katako da 'yan kasuwa ke kira dardar, don ba ya tsagewa da wuri. Aibinsa guda ne, ƙwaro na son sa. Garar gida daga ƙasa take hawowa, kana ganin sawunta. Wannan kuwa, da Larabawa ke ce wa sus, a cikin katakon yake tsallako teku, ya cinye ciki ya bar maka baya sumul.

Shi ya sa Lurwanu bai yarda da ido ba. Sai ya ƙwanƙwasa sanda da ƙotar gizago, ya kafa kunne. Lafiyayya amsawa take tangaran, wadda sus ya ci kuwa muryarta a dushe take. Yana kuma da doka: duk shibriyyar da ya gama, shi za a fara ɗauka a zaga unguwa kafin a ɗora uwar wani. Maƙwabta su yi ta tsokanarsa, wai ango ya fito.

Tsufa bai kama shi ta gwiwa ba, ta kunne ya shigo. Ya ɓoye. Mutumin kirki ne, amma girman kai ya yi masa yawa, kuma ya ji tsoron a ce Mai Kunne ya kurumce. Zai ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya gyaɗa kai, alhali bai ji komai ba.

Gab da aikin hajjin wata shekara, Dauda, shugaban masu ɗaukar mutane ɗawafi, ya ba shi aikin sabuwar shibriyya. Wata tsohuwa za su ɗauka da ita jibi. Ranar da ya gama, Shatu na shara ta ga wani gari mai laushi a ƙarƙashin sandar dama.

"Malam," ta ce da ƙarfi, "sandar nan da sus a ciki."

"Na saurare ta."

"Malam, sau uku nake kiran ka cin abinci tun bara."

Ya ji kunya, kunyar ta zama fushi. Ya shafa wa sandar toka, ya ɗora ta a kan duwatsu, irin maganin garar gida, shi da ya fi kowa sanin ba gara ba ce.

Da Dauda ya zo da safe ya ce, yana haɗawa da Larabci, "Ya ammi, khalas, shi ke nan baffa, ba sai an gwada ba. Aikinka ne."

Lurwanu ya dubi Shatu, ya daɗe yana kallon sandar. Da ya yi shiru, da asirinsa ya rufu, tsohuwar mutane ta hau.

"Doka doka ce," ya ce. Ya haye.

Ba su kai ƙarshen lungu ba sandar ta karye. Ya faɗo a kan dutse, ƙugu ya tafi. Tun daga ranar bai sake takawa ba, bai kuma sake riƙe gizago ba. Duk wanda ya zo dubiya, da bakinsa yake gaya masa, "Na kurumce, na ɓoye."

Shekara biyu bayan haka ya roƙi a kai shi ɗawafi. Dauda ya kawo shibriyyar wani masassaƙin, ya ajiye a ƙofar gida. Kafin su ɗora shi, Shatu ta shiga ɗaki ta fito da tsohon gizagon. Ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa sandar dama, ta kara kunne, sannan ta hagu. Lurwanu bai ji komai ba, fuskarta kawai yake kallo.

Ta gyaɗa kai.

"Ku ɗauke ni," ya ce.