Direba Pyo da Sunan Aro

Mu mutanen Daegu an san mu da tsuke baki, amma ko a cikinmu Pyo Man-sik daban ne. Mutumin nan in ya ce maka "to", ka ɗauka doguwar hira ya yi da kai. Ana yi wa mazanmu tsiya cewa in sun dawo gida maganarsu uku ce: ina yara, kawo abinci, a kwanta. Matarsa Bong Mal-sun ta ce tun da 'yarsu Hye-rin ta yi aure, nata mijin saura biyu suka rage masa.

A wani ƙauye mai gonakin tuffa aka haife shi, can wajen Yeongcheon. A soja ya koyi tuƙi. Da ya fito ya ja motar kai kabeji kasuwa, daga baya ya samu shiga kamfanin bas na cikin gari, kuma nan furfura ta same shi. Kullum da farar safar hannu, da baƙin gilashi, da gorar shayin sha'ir a gefen kujera. Tsofaffin matan layinsa suna son shi don ba ya tashi sai sun zauna. Bai taɓa ce musu ina kwana ba, su ma sun daɗe da haƙura.

Bara waccan, da rana tsaka, wani mai kai abinci a babur ya tsallake jar wuta ya faɗo gaban bas ɗinsa. Ƙafa mutumin ya karya, ya kuma warke. 'Yan sanda suka ce direba ba shi da laifi, har matar mai babur ɗin ta zo gareji ta ba da haƙuri. Kowa ya manta, ban da Man-sik. Barci ya ƙaurace masa. Da ya hango babur a madubi sai tafin hannunsa ya jiƙe har ya jiƙa safar. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ba shi da bakin gaya wa kowa.

A kan layinsa akwai wani allo a hawa na uku, saman shagon gilashin ido: ofishi mai zaman kansa na masu ba da shawara kan damuwar rai. Asibiti kam ba zai je ba ko da wasa, don a gareji kowa ya yarda cewa irin wannan ciwo in ya shiga takardun inshorarka zai bi ka har kabari, ya juyo ya hana jikokinka aiki. Gaskiya ce ko ƙarya, ba wanda ya taɓa bincikawa. Amma wancan ofishin ba ruwansa da inshora. Ka shiga, ka zauna, ka fita.

To, me zai ce wa Mal-sun? Sai ya ce ya fara hawan dutse ranar hutunsa, kamar kowane namiji mai shekarunsa. Ya sayi jar riga, da takalmi mai kauri, da sanda biyu, da jakar goyo. Haka ya hau lif zuwa hawa na uku, cikin shirin da ya isa a haye Dutsen Palgong da shi.

Matar da ke teburin karɓar baƙi ta miƙa masa takarda da biro. Layin farko aka ce suna. Man-sik ya tsaya yana kallon layin, zufa na bin bayan kunnensa. Sannan ya rubuta: Bong Du-cheol.

Du-cheol yayan matarsa ne, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, mutumin da ake jin muryarsa tun daga layin masu barguna. Yana kuka a wasan talabijin, yana kuka a bikin auren da ba nasa ba, yana gaya wa masu sayen kifi labarin basir ɗinsa. A lissafin Man-sik, in akwai wanda za a ce ya je irin wannan wuri a danginsu kuma ba wanda zai yi mamaki, to shi ne. Har shekarar haihuwarsa ya rubuta daidai.

Mai ba da shawarar, Malama Seol, mace ce mai haƙurin gaske. Zaman farko Man-sik ya ce mata "to" ya ce "a'a", ya ɗauki sandunansa ya tafi. Amma ya dawo. Ya yi ta dawowa har kusan shekara, tana ce masa Malam Bong yana amsawa, wani lokaci sai ta kira sau biyu kafin ya tuna shi ne. A ɗakin nan ya faɗi maganar da bai faɗi kwatankwacinta ba tun da aka haife shi. Barci ya dawo, hannu ya bushe, ya yi mata godiya ya rataye jar rigar.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Man-sik ya cika sittin, kuma a kamfaninsu in direba ya kai nan sai ya yi ritaya, sannan a sake ɗaukarsa shekara-shekara in an ga yana da lafiya. Shi bai san wani abu ba sai tuƙi. In aka raba shi da sitiyari, zaman gida ne da kallon bango. Manajan gareji, wanda Man-sik ya girme wa nesa ba kusa ba, ya kira shi ofis yana ta sosa ƙeya.

"Direba Pyo, ka gafarce ni. An rubuta cewa bayan hatsarin nan ka taɓa tsayar da bas a tsakiyar hanya ka kasa ci gaba. Na sama sun ce ba za su sa hannu ba sai da shaidar cewa ka samu kulawa. Da ma ka taɓa ganin masu ba da shawarar nan, ai da takarda ɗaya ta wadatar."

Man-sik ya ce, "To."

Washegari ya koma hawa na uku, wannan karon da rigar mutane. Ya ce fayil ɗinsa yake so, da takardar shaidar zuwansa. Matar teburin ta ce ba komai, ya kawo katin shaida. Ta dubi katin, ta dubi kwamfuta, ta sake duban katin.

"Baba, ba mu da Pyo Man-sik a nan."

"Ki duba Bong Du-cheol."

"Shi ne ya aiko ka?"

"Ni ne."

"Kai ne wa?"

"Shi."

Aka kira Malama Seol. Ta gane shi nan take, ta kuma gane abin da ya faru, don ba shi ne na farko ba kuma ba zai zama na ƙarshe ba. Ta danne dariyarta da ƙyar. Ta ce ta san fuskarsa, ta san muryarsa, amma fayil na mai suna ne. Ba za ta ba wani fayil ɗin Bong Du-cheol ba, kuma ko ta bayar, kamfanin bas ba zai ɗauki Pyo aiki don Bong ya warke ba. Hanya ɗaya ce: mai sunan ya zo da katinsa da hatiminsa ya shaida cewa bai taɓa taka wurin ba, shi kuma Man-sik ya shaida cewa shi ne ya riƙa zuwa, sai a gyara.

Kai, an gudu ba a tsira ba! Man-sik ya ɓoye ciwonsa ga duniya, ga shi yanzu sai ya kai shi da hannu biyu ga mutumin da ya fi kowa baki a kasuwar gari.

Ya yi kwanaki yana juya abin. Ya tuna kujerarsa, da layinsa, da tsofaffin nan da wani sabon direba zai riƙa fizga kafin su zauna. Ranar hutu ya tafi rumfar kifi, ya tsaya kamar mai jiran a yanke masa hukunci.

"A'a, mijin ƙanwata! Wa ya mutu?"

"Yaya, sunanka na ara."

"Bashi ka ci da shi?"

"A'a. Wurin masu ba da shawara na je da shi."

Du-cheol ya ajiye ludayin awo. Ya sa aka maimaita masa. Sannan ya fashe da dariya har mai rumfar gefe ta leƙo.

"Wato shekara guda ina jinya ban sani ba! To ya jikin nawa? Na samu sauƙi?"

"Ka samu."

"Madalla. Me ke damuna?"

"Babur."

Dariyar ta tsaya. Du-cheol ya dube shi, idanunsa suka kawo ruwa kamar yadda suka saba, amma wannan karon bai yi hayaniya ba. Ya ƙulle kifi a leda ya tura masa a hannu, ya ce ya faɗi ranar da za su je a gyara sunan.

Man-sik ya roƙe shi kada Mal-sun ta ji. Du-cheol ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Kafin Man-sik ya sauka daga jirgin ƙasan da ya hau zuwa gida ta ji.

Ya same ta a kicin ta juya masa baya, tana yanka albasa da ƙarfin da albasa ba ta buƙata.

"Baban Hye-rin. Duk dangin Pyo ba mai suna ne, sai ka ɗauki na gidanmu?"

Ta ci gaba da yankan.

"Shekara guda mutum na hawan dutse, takalminsa bai taɓa dawowa da taɓo ba. Ka san abin da na ɗauka? Mace na ɗauka! Har wurin boka na je, ya ce mini mai gajeren gashi ce, tana zaune a sama."

Ta juyo tana dariya, hawaye na zuba, kuma ba na albasa ba ne. Ta ji sanyi a ranta, ta kuma ji haushi, don tana kwance kusa da shi duk lokacin nan yana fama shi kaɗai. Ta faɗa masa hakan a fuskarsa. Man-sik ya ce ta yi haƙuri, kuma ita ce ta ce a iya saninta wannan ne karo na farko.

Ranar da aka sa, Du-cheol ya zo da kwat ɗin da yake zuwa biki, da hatiminsa a 'yar jaka, da kwalin kifi na musamman don Malama Seol. Ta ce ba sa karɓar kyauta. Ya ce ba kyauta ba ce, godiyar majinyaci ce. Ya nemi a nuna masa kujerar da ya riƙa zama. Ya nemi a ba shi fayil ɗin ya karanta, tunda dai sunansa ne a kai har yanzu.

"Wannan sai mai shi ya yarda," in ji Malama Seol. Ta juya ga Man-sik. "Malam, kafin mu gyara, ina so na ji daga bakinka. Wane ne ya riƙa zuwa nan?"

Man-sik ya dubi yayan matarsa, ya dubi matar teburin.

"Ni ne. Pyo Man-sik. Na ji tsoro, na zo."

Du-cheol ya buga hatimi yana fyace hanci, ya manta ma da batun karatun. Kifin kuwa ya bar shi a bakin ƙofa da gangan.

Takardar ta fito da sunansa ɓaro-ɓaro, da ra'ayin Malama Seol cewa ba ta ga abin da zai hana shi tuƙi ba. Ofishin manaja bangon gilashi ne, yana kallon ɗakin da direbobi ke hutawa, kuma a gareji magana ba ta kwana. Man-sik bai sa ta a ambulan ba. Ya ratsa tsakiyar ɗakin da ita a hannu, sunan ofishin masu ba da shawarar a fili, ya ajiye a teburin manaja. Na sama suka sa hannu.

Ya jira tsiya, tsiya ba ta zo ba. An dai ɗan daina hira in ya shigo, sannan aka ci gaba.

Ranar da ya koma layinsa, yana goge madubi kafin fita, sai ga Direba Ma ya tsaya a bayansa. Shi Direba Ma tsohon sojan ruwa ne, mai wuya kamar turmi, shi ne ma kan gaba wajen cewa damuwar rai ciwon masu zaman banza ne. Ya daɗe yana duba tayar bas ɗin da ba nasa ba. Ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Pyo. Wurin nan. Hawa na nawa ne?"

"Na uku."

"Wani abokina ne ke tambaya. Matarsa ta rasu, ba ya iya cin abinci." Ya sake taɓa tayar da ƙafa. "Suna duba kati a ƙofa?"

Man-sik ya ninke tsumman, ya sa farar safarsa, ya dube shi.

"Ba sa dubawa. Amma ka ce wa abokin naka ya rubuta sunansa, Yaya. In yana jin nauyin hawa shi kaɗai, ranar Laraba ina hutu."